Rayuwar wakili a ƙasashen da ake yaƙi: amsa ga wani matashin ɗan jarida

Tambaya: "Baba, barka da hutawa. Ni ɗan shekara 27 ne daga Tudun Wada a nan Kaduna. Na karanta aikin jarida, kuma shekara uku ke nan ina ɗauko wa wani gidan rediyo rahotanni. Tun ina yaro nake sha'awar wakilan da ke aiko da labari daga inda ake yaƙi ko aka yi juyin mulki, kuma burina ke nan. Hajiyarmu ta ce ba da yawunta ba. Don Allah yaya rayuwar take a zahiri? Ta ina ake shiga? Kuma da gaske ne mutum ba ya dawowa yadda ya tafi?"

Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Abu uku ka tambaya: yadda ake rayuwar, ƙofar shigarta, da abin da take barin mutum da shi. Maganar Hajiya kuwa ka cusa ta a tsakiya kamar ba komai, alhali ta fi sauran nauyi, don haka zan ajiye ta sai mun gama da waɗancan. Na yi wannan aiki jefi-jefi tsakanin 1996 da 2010, a Laberiya da Saliyo da gabashin Cadi da Nijar, in je in dawo teburina a Kaduna. Iyakar inda ƙafata ta taka ke nan. Abin da zan ambata na Iraƙi ko Siriya ko Gaza, jiyau nake a kansa kamar kowa.

Sana'ar tsohuwa ce. Wanda aka fi ambata a matsayin ubanta shi ne William Howard Russell, da jaridar The Times ta Landan ta tura yaƙin Kirimiya a 1854. Abin da ya ɗaukaka sunansa shi ne ya rubuta yadda sojojin Birtaniya ke mutuwa da sanyi da kwalara da rashin magani saboda sakacin manyansu, kuma rubutun nan yana cikin abin da ya kayar da gwamnatin ƙasar a farkon 1855. Ka riƙe wannan, domin masu shigowa aikin da yawa bakin bindiga suke kallo, su manta da wanda yaƙin ya faɗa wa a ka.

Mu kuma rediyo ne ya raine mu da labarin duniya. BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979, Faransa a 2007. Shi ya sa za ka zauna a teburin mai shayi a Kasuwar Barci ka ji ana warware rikicin Gabas ta Tsakiya dalla-dalla, a bakin mutumin da bai san sunan kansilan mazaɓarsa ba. Sai dai mafi yawan abin da muke ji daga nesa, idon wani ne ya gani aka fassara mana. Saboda haka ban ga laifin burinka ba, gurbi ne da yake a buɗe. Amma hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Yini guda a bakin aiki

Abin da kake ji a rediyo minti biyu ne ko uku. Abin da ya haife shi kuwa jira ne: jiran biza, jiran takardar izini daga ma'aikatar watsa labarai, jiran mota, jiran mai, jiran wani kanar da ya ce ka zo ƙarfe tara amma bai fito ba sai bayan la'asar. A Janairun 1999, bayan 'yan tawayen RUF da sojojin da suka yi bore sun kutsa Freetown ranar 6 ga wata, na sauka a filin jirgin Lungi, wanda ruwa ya raba shi da birnin. Kwanaki na yi ina kwana a kan benci ina jiran gurbi a jirgi mai saukar ungulu. Edita yana can yana jiran rahoto, ni kuma ba abin da na gani sai hayaƙi a tsallaken ruwa. Ranar da na samu na tsallaka, aikin gaske bai wuce sa'a huɗu ba, sauran yinin ya tafi wajen neman hanyar aikawa. Lokacin babu wayar hannu. Wayar tauraron ɗan'adam ta wata ƙungiyar agaji na roƙa, aka ba ni minti biyar, na karanto rahoton a guje wani a Kaduna yana bi da biro.

A cikin abokan tafiyata, waɗanda harsashi ya kwantar ba su kai waɗanda zazzaɓin cizon sauro da gudawa da hatsarin mota suka kwantar ba. Ruwan da ka sha don babu wani, da direban da ke gudu don kada dare ya same ku a daji, su ne abokan gabarka na yau da kullum.

Sai shinge. A Monrovia a 1996, shekarar da faɗan watan Afrilu ya ragargaza birnin, na fara tsayawa gaban shingen da yaro ɗan shekara goma sha uku ke tsaro, bindigar ta kusa kai tsayinsa, idonsa jawur. Babban soja ana iya yi masa bayani. Yaron da aka ɗirka wa ƙwaya ba bayani yake nema ba, so yake a girmama shi. Ka cire tabarau, ka kashe rediyon mota, hannuwanka su kasance inda zai gan su, ka gaishe shi kamar ka ga janar, kuma kada ka kuskura ka yi murmushi ko da ya riƙe katinka a juye yana yi kamar yana karantawa. Kuɗinka ka raba su wuri uku, ka bar ƙanana a aljihun gaba. Na sha sayen kwalin taba ni da ban taɓa kai ta baki ba, don kara ɗaya kan buɗe hanyar da takardar minista ta kasa buɗewa.

Akwai kuma abin da Bature ba ya fuskanta amma kai za ka fuskanta: koren fasfonka kan zama laifinka. A 1990, da dakarun ECOMOG, waɗanda mafi yawansu 'yan Najeriya ne, suka shiga Laberiya, mayaƙan Charles Taylor suka ɗauki duk ɗan Najeriya abokin gaba. A cikin wannan hali aka kashe 'yan jaridarmu biyu, Krees Imodibe na Guardian da Tayo Awotusin na Champion. A Freetown ma a 1999 'yan tawaye sun riƙa farautar 'yan Najeriya. A Libiya a 2011, baƙar fata kaɗai ta isa a ce maka sojan hayar Gaddafi. Kafin ka sayi tikitin kowace ƙasa, tambayi kanka me gwamnatinka ta yi wa mutanen nan a bana, don kai za a tambaya.

Baƙo makahon gari

Duk wakilin da ka ji muryarsa, akwai wani a gefensa da ba ka ji ba: direba, ko tafinta, ko ɗan jaridar garin da ya san wace unguwa ce a hannun wa, wane kwamanda ne ake iya gani da safe amma ba a tunkararsa da yamma. Shi ne ke gane cewa shirun kasuwar yau ba irin na jiya ba ne.

A 2004 na je gabashin Cadi, inda mutanen Darfur ke kwararowa. A Abeche na ɗauki wani direba, dattijo mai jin Hausa da Larabcin Cadi, wanda ya yi shekaru yana jigilar kaya zuwa Maiduguri. Wata safiya muka nufi wajen Adre a bakin iyaka. Mun yi tafiyar kamar sa'a guda sai ya taka burki, ya juya kan mota, bai ce mini uffan ba. Na hau shi da faɗa, don na riga na biya kuɗin yini. Ya ce, "Malam, tun da muka fito ka ga mace ko ɗaya da jakinta ta nufo mu?" Ban gani ba, ban ma lura da cewa ban gani ba. Ya ce hanyar da mata suka ƙaurace wa shi ma ba ya bin ta. Muka koma, na rasa rahoton ranar, kuma daga nan ban sake musu da direba a kan hanya ba.

Ga abin da nake so ya zauna maka a rai. Kai kana da tikitin komawa gida, shi ba shi da shi. Za ka hau jirgi, shi kuma ya ci gaba da zama da mutanen da rahotonka ya ɓata wa rai, 'ya'yansa suna bi ta gaban shingensu kullum. A 2007 'yan Taliban suka kama wani wakili ɗan Italiya, Daniele Mastrogiacomo, tare da direbansa da tafintansa Ajmal Naqshbandi. Suka kashe direban. Aka saki fursunonin Taliban biyar aka karɓo ɗan Italiyan. Shi Ajmal aka bar shi a hannunsu, bayan 'yan makonni suka yanka shi. Ƙididdigar kwamitin kare 'yan jarida na CPJ ta daɗe tana nuna cewa mafi yawan 'yan jaridar da ake kashewa 'yan ƙasa ne, ba baƙi ba. A 2024 kwamitin ya ƙirga aƙalla 124, mafi yawansu Falasɗinawa, a daidai lokacin da Isra'ila ta hana wakilan waje shiga Gaza da kansu. A nan gida ma, Zakariya Isa na NTA da aka harbe a Maiduguri a Oktoban 2011, da Enenche Akogwu na Channels da aka harbe a Kano ranar 20 ga Janairun 2012, ba wanda ya haye teku a cikinsu.

Don haka ɗan garin da ya yi maka jagora amana ne a wuyanka. Ka biya shi kafin ka bar garin, kada ka ce sai ka koma. Kada sunansa ko fuskarsa su fito sai ya yarda, kuma ya yarda ne bayan ka gaya masa inda za a watsa. In kana da rigar sulke da hular kwano shi ba shi da su, ko ka samo masa ko ku fasa tafiyar.

Wanda ya ci ladan kuturu

Hanya biyu ake kusantar bakin daga. Ko ka bi sojojin ɓangare guda, su ɗauke ka a motarsu, su ciyar da kai, su tsare ka, ko ka tafi da ƙafarka. A Iraƙi a 2003 Amurka ta mayar da ta farkon tsari, ta rarraba ɗaruruwan 'yan jarida cikin rundunoninta. Kowace hanya tana da gawarta. Ranar 8 ga Afrilun 2003 tankar Amurka ta harbi otal ɗin Palestine a Bagadaza, inda wakilan da ba sa bin soja suke zaune, masu ɗaukar hoto biyu suka mutu, kuma a ranar aka kashe Tariƙ Ayyub a ofishin Aljazeera. Kurt Schork na Reuters da Miguel Gil Moreno na AP kuwa suna tare da sojojin Saliyo ne aka yi musu kwanton ɓauna a Mayun 2000.

Amma haɗarin bin soja da ya fi damuna ba na rai ba ne, kuma a nan zan tona kaina. A Freetown tare da sojojinmu na zauna. Da yawansu Hausa suke ji, wasu ma daga barikokin Kaduna aka kwaso su. A kwanonsu na ci, har wani kofur ya ba ni wasiƙa in kai wa matarsa. Na je asibitin Connaught na ga mutanen da 'yan tawaye suka datse wa hannuwa, na rubuta da dukkan zafin da ke raina, kuma gaskiya na rubuta. Daga baya a wannan shekarar sai rahotannin Majalisar Ɗinkin Duniya da na Human Rights Watch suka fito, suka zayyana ta'asar 'yan tawaye, suka kuma ce su ma dakarun ECOMOG da masu taya su sun harbe mutanen da ake zargi ba tare da shari'a ba. Na koma na karanta rahotannina ɗaya bayan ɗaya, ban ga inda na yi ko da tambaya guda a kan wannan ba. Ba wanda ya hana ni. Tuwon da na ci ne ya rufe mini baki ban sani ba. Sojojin nan sun zubar da jininsu sun ceci birnin, wannan gaskiya ce. Wancan ma gaskiya ce, kuma aikina ne in sa su biyun a takarda ɗaya. Ban yi ba.

Abu na biyu da ke kayar da wakili shi ne lissafin gawa. A sansanin 'yan gudun hijira na Farchana, wani magidanci ya ce mini an kashe mutum ɗari uku a ƙauyensu. Na ce ya lissafa mini sunayen waɗanda ya sani. Ya kawo goma sha tara, har da ƙannensa biyu. Na keɓe wasu mutum uku daga ƙauyen, kowa shi kaɗai, sunayen suka haɗu suka kai talatin da wani abu. Mutumin nan ba ƙarya ya yi mini ba. Wanda ya gudo cikin dare wuta na bin sa ba ya tsayawa ƙirga. Amma ni da na zo da littafi da biro, ƙirgar tawa ce. Tun daga nan nake raba abin da ke littafina gida uku: abin da idona ya gani, abin da ganau ya gaya mini, da abin da ake yaɗawa a gari. Na ukun ba ya shiga rahoto sai da sunansa na jita-jita, sau da yawa ma ba ya shiga sam.

Ba sai na tsawaita maka kan abin da kalma kan haifar ba. Gidan rediyon RTLM na Ruwanda ya riƙa kiran sunayen waɗanda za a kashe a 1994, har kotun ƙasa da ƙasa ta ɗaure jagororinsa a 2003. Mu kuma a garin nan, a Nuwamban 2002, 'yan layuka a wata jarida kan gasar sarauniyar kyau suka zama sanadin rasa rayuka sama da ɗari biyu. Kana yaro lokacin, amma tambayi Hajiya.

Juyin mulki kuma nasa salon daban. Yaƙi yana da gaba da baya, shi kuwa juyin mulki duhu ne na 'yan sa'o'i da kowa ke lalube a ciki. Ina Yamai ranar Alhamis 18 ga Fabrairun 2010, na je bin rikicin tazarcen Tandja Mamadou, sai wajen azahar aka fara jin harbi ta fadar shugaban ƙasa ana tsakiyar taron ministoci. Kafin magariba na ji labari iri biyar: an kashe shi, ya tsere, masu gadinsa sun yi nasara, yana barikin soja, yana ofishin jakadancin wata ƙasa. Kowane mai faɗa yana rantsuwa. Abin da na aika shi ne an yi harbi daga ƙarfe kaza zuwa kaza, sojoji sun tare hanyoyi kaza, gidan rediyon gwamnati ya koma kiɗan soja. Edita bai ji daɗi ba, don wasu sun riga mu da labarai masu zafi. Da dare sojoji suka fito suka yi sanarwa, daga baya aka ji sunan Salou Djibo, sai ga shi ba mu da abin janyewa. A irin wannan rana wurare uku ake dubawa: fada, filin jirgi, da gidan rediyo. Kaduna ta san wannan tun 15 ga Janairun 1966, da Manjo Nzeogwu ya yi jawabinsa a rediyon garin nan, jaridar New Nigerian tana da mako biyu a duniya.

Ƙofar shiga

Ba za ka ga an yi tallar gurbin wakilin yaƙi ba. Ana tura wanda aka riga aka gwada ne, kuma wurin gwajinka yana ƙofar gidanku. Tun rikicin Fabrairun 2000 kogi ya raba garin nan biyu. Za ka iya zuwa Rigasa da safe, ka haye gada ka je Sabon Tasha da yamma, ka haɗa rahoto ɗaya da mutanen wuraren biyu za su saurara kowa ya ce haka aka yi? In ba ka iya wannan a garin da ka san harshensa da lungunansa ba, ba za ka iya a Bamako ba. Birnin Gwari tana nan, Kudancin Kaduna yana nan, iyalan waɗanda aka sace a harin jirgin ƙasa na 28 ga Maris 2022 suna nan. Irin wannan aikin ne editan wata kafa ta waje zai saurara ya ce a nemo masa yaron nan.

Sai harshe. Koyi Faransanci, don ƙasashen da suka kewaye mu da shi suke aikin gwamnati, kuma juye-juyen mulkin 'yan shekarun nan, daga Mali zuwa Burkina Faso zuwa Nijar, a can suka faru. In ka yi Islamiyya mai kyau, ɗora Larabcin magana a kan wanda kake da shi. Hausarka kuwa jari ce da manyan wakilan duniya ba su da ita. Daga zangon Kumasi da Nima a Akara, zuwa Abijan da Yawunde da Njamena, har Mai Wurno a gaɓar Shuɗin Nilu, inda zuriyar waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suka zauna, ba inda za ka sauka ka rasa wanda zai ce maka sannu da zuwa ya nuna maka masauki. Da rikici ya rutsa da Hausawan jihar Shuɗin Nilu a Yulin 2022, da kuma lokacin da yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilun 2023 ɗalibanmu suka maƙale, labarin yana bakin masu jin Hausa ne. Sai dai ka kula: mai masaukinka shi ma yana da ɓangare, kuma abin da na gaya maka na tuwon soja ya shafi tuwon zango.

Game da kuɗi, kada ka ruɗi kanka. Ma'aikacin dindindin na babbar kafa yana da albashi da inshora da wanda zai nemo shi in ya ɓace. Mafi yawan masu farawa kuwa aikin jinga suke yi, a biya su rahoto-rahoto, su sayi tikiti da kuɗinsu, in suka ji rauni su yi jinyar kansu. Su ne kuma suka fi kutsawa inda bai kamata ba, don hoton da ya fi haɗari shi ya fi sayuwa. Kafin ka amsa kowace tafiya, a rubuta maka wa zai biya asibiti, wa zai fitar da kai, wa zai kira gidanku. Kafar da ta ƙi rubuta wannan ta riga ta gaya maka darajarka a wurinta. Akwai gidauniyar Rory Peck, da aka kafa a 1995 da sunan wani mai ɗaukar hoto da aka kashe a Mosko a 1993, tana tallafa wa 'yan jarida masu zaman kansu su samu horon aiki a wuraren haɗari. Nemi irin wannan horon, musamman na tsayar da jini. Tim Hetherington, da aka harba a Misrata a Afrilun 2011, zubar jini ce ta kashe shi kafin a kai ga ceto shi.

Doka tana gefenka a takarda. Sashe na 79 na ƙarin yarjejeniyar Janiba na 1977 ya ce ɗan jarida a fagen fama farar hula ne, kuma ƙudurin Kwamitin Sulhu mai lamba 1738 na 2006 ya jaddada haka. Amfaninta gare ka shi ne ka san abin da zai zubar maka da wannan kariya: kada ka riƙe makami ko da na minti ɗaya, kada ka sa kaya mai kama da na soja, kada ka kai wa wani ɓangare saƙo. Yaron da ke kan shinge dai bai karanta ta ba. Gwamnatoci kuma sun koyi rufe ƙofa: Nijar ta dakatar da RFI da France 24 a Agustan 2023, ta dakatar da BBC na wata uku a Disamban 2024, Masar kuwa ta tsare Peter Greste na Aljazeera kwana 400.

A nan ilimina ya tsufa. Na bar fage kafin zamanin jirage marasa matuƙa da bin sawun mutum ta wayarsa. Marie Colvin, wadda ta rasa ido ɗaya a Sirilanka a 2001, an kashe ta a Homs a Fabrairun 2012, kuma a 2019 wata kotun Amurka ta yanke cewa gwamnatin Siriya ce ta auna inda suke aiki da gangan. Yadda ake kare waya da lambobin majiyoyi, nemi na zamaninka su koya maka.

Abin da ke biyo mutum gida

E, da gaske ne. Wani likitan ƙwaƙwalwa a Kanada, Anthony Feinstein, ya yi nazari kan wakilan yaƙi 140, ya wallafa a 2002, ya gano fiye da kashi ɗaya cikin huɗu sun yi fama da ciwon firgicin da ke biyo bayan tashin hankali, adadin da ya yi kusa da na tsofaffin sojoji. Ni ban san sunan abin ba lokacin da ya same ni. Na dai san cewa bayan Freetown na yi wata da watanni ba na iya bi ta inda ake babbakar kai da ƙafa. Yara suka fasa abin wasan wuta a layinmu daren sallah, sai ga ni kwance a ƙasa a tsakar gida, 'ya'yana suna kallona. Abin da ya fi muni shi ne fushi. Matata za ta ce gas ya ƙare ko kuɗin makaranta ya zo, sai in ji kamar in ce mata ke kin san matsala kuwa? Na manta ita ma yaƙinta ta yi a nan, ita kaɗai da yara. Gida ya zama kamar ba ɗanɗano, har in kama kaina ina marmarin a sake tura ni. Wannan marmarin shi ne alamar da ta fi kamata ta tsorata mutum.

Addu'a ta taimake ni, zama da wani abokin aiki da ya ga irin abin da na gani ya taimake ni, amma na yi jinkirin zuwa wurin likita saboda kunyar a gan ni a asibitin Barnawa. Ni ba likita ba ne, iyakar shawarata ita ce in barci ya ƙaurace maka, ko abin da ka gani ya riƙa dawo maka ido biyu har aka kwashe makonni, ka je, kada ka yi irin kunyata.

To, sai Hajiya. Ka san hadisin mutumin da ya zo wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana neman izinin fita jihadi, aka tambaye shi ko iyayensa na raye, ya ce e, aka ce ya koma ya yi jihadinsa a wajen hidimarsu. In haka ne a kan jihadi, ina ga neman labari. Kada ka ce mata za ka Legas kwas alhali Bamako ka nufa. Na san waɗanda suka yi haka, kuma ranar da gaskiya ta fito ba ta zo da daɗi ba. Ka fara da tafiyar da ba ta harbi: zaɓe a Ghana, taro a Yamai, aikin Hajji. Ta ga ka tafi ka dawo sau biyu, sau uku, ta ji muryarka a rediyo maƙwabta suna yi mata barka. Wataƙila ta sassauto, wataƙila kuma ba za ta sassauto ba, in haka ne aikin da ke tsakanin Birnin Gwari da Kafanchan ya ishe ka shekara goma.

In Allah ya sa ta yarda, ka rubuta wasiyya ka ba wanka ko kawunka, ka bar masa kwafin fasfo da rukunin jininka da lambar editanka, kuma lambarsa za ka ba ofis, ba tata ba. Ka sa lokacin kira guda a yini, ka gaya mata tun farko cewa rashin kira na kwana ɗaya ko biyu ba mutuwa ba ne, yawanci caji ne ko layi. Ni ban yi wannan tsarin ba a 1999. Ranar 10 ga Janairu aka harbe Myles Tierney na AP a Freetown, ina can Lungi kan bencina lafiya lau. Matata tana Unguwar Sanusi da yara biyu, ta tsinci ƙarshen labarin a rediyo, ta ji an kashe wani ɗan jarida a Freetown, ba ta ji sunan ba. Kwana huɗu ta yi kafin in samu waya. Ba ta gaya mini ba sai bayan shekaru, kuma har yau in aka fara kiɗan buɗe labaran dare, tashi take yi ta shiga kicin.